Komawa Likitanci, Jinya da Sauran Kwasa-kwasan Lafiya a Jami'o'in Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan jami'o'i suka saki sunayen waɗanda suka samu gurbi, sai ka tarar wanda ya cike likitanci an ba shi Bayoloji, wadda ta nemi aikin jinya an tura ta Kemistiri. Nan take 'yan uwa da abokai su fara ba da baki: "Karɓi kawai, in ka shiga ka canza." An yi wannan shafi ne don masu wannan niyya, da ma'aikatan lafiya masu son ƙaro karatu, da iyayen da ke biyan kuɗin. Kowace jami'a tana da nata dokoki, kuma takan sauya su, saboda haka abin da ke nan shi ne wanda ya shafi kusan kowa.

Ta waɗanne hanyoyi ake komawa kwas ɗin lafiya?

Hanyoyi huɗu ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai canjin kwas, wato kana cikin jami'a ka bar sashenka ka koma wani sashe a jami'ar. Akwai tiransifa, wato barin wata jami'a zuwa wata, ko ta gida ko ta waje. Akwai DE, shiga kai-tsaye daga aji biyu ga wanda yake da wata shaida sama da ta sakandare, kuma ta hannun JAMB ake yin ta. Ta huɗun ita ce wadda ba a son ji: sake rubuta UTME, jarabawar shiga jami'a ta JAMB, a faro daga aji ɗaya. Abin mamaki, ga yawancin masu neman likitanci wannan ta huɗun ta fi sauran tabbas.

Me ya sa shiga waɗannan kwasa-kwasan ya fi na sauran wuya? Ai duk jami'a ɗaya ce.

Domin ba jami'ar kaɗai ke da iko a kansu ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ita ce ke amincewa da kowane kwas na digiri, amma kowace sana'ar lafiya tana da hukumar da ke ba da lasisinta. MDCN ce ta likitoci da likitocin haƙori, NMCN ta nas-nas da ungozomomi, PCN ta masu harhaɗa magunguna, MLSCN ta masu gwaje-gwajen asibiti, MRTB ta masu gashin ƙashi, RRBN ta masu ɗaukar hoton jiki, ODORBN ta masu awon ido. Waɗannan hukumomi suna zuwa su duba yawan malamai, ɗakunan gwaji, gadajen asibitin koyarwa da wurin kwanan ɗalibai, sannan su yanka wa jami'a adadin da za ta ɗauka a shekara. Jami'ar da ta zarce adadin tana iya fuskantar hukunci har zuwa janye amincewa, ɗalibanta kuma su maƙale.

Sashen Tarihi ko na Lissafi yana iya ƙara kujeru a aji idan masu nema sun yi yawa. Tsangayar likitanci ba ta da wannan damar, saboda ɗaliban Zariya a asibitin Shika za su koyi duba marasa lafiya, na Bayero a asibitin Malam Aminu Kano, na Sakkwato a asibitin Usmanu Danfodiyo, kuma mutum nawa ne za su iya zagaye gado ɗaya? Don haka mai son shigowa daga gefe yana jira ne wani ya faɗi ko ya bari, kujera ta samu.

Gaskiya an ɗan samu sauƙi. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da ɗaga yawan guraben horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, an kuma buɗe jami'o'in kimiyyar lafiya na tarayya irin ta Azare da ta Otukpo da ta Ila-Orangun. Amma masu nema ma sun ƙaru.

Malam, na cike likitanci aka ba ni Bayokemistiri. In karɓa da niyyar canzawa bayan shekara ɗaya?

Karɓi idan za ka iya zama da Bayokemistiri har ka gama ko da canjin bai yiwu ba. Idan kuwa zuciyarka ba ta can ko kaɗan, kana shiga ne kawai don wani ya ce ana canzawa, to cinikin biri a sama kake shirin yi.

Dalilin da ya sa maganar take da daɗin ji shi ne, a aji ɗaya kusan darussa ɗaya ɗaliban kimiyya suke ɗauka: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, Lissafi da darussan gama-gari. Sai ɗalibi ya ga ai aji ɗaya suke zama da 'yan likitanci, wani lokaci ma ya fi wasunsu maki. Amma su sunansu yana cikin kason da aka yanka, nasa ba ya ciki. Akwai jami'o'in da suka rufe ƙofar canzawa zuwa likitanci gaba ɗaya, suka rubuta haka a littafin dokokin ɗalibai. Akwai waɗanda ke buɗewa sai shekarar da gurbi ya samu, su ɗauki mutum 'yan kaɗan daga cikin masu nema da yawa. Canjin kwas alfarma ce da majalisar jami'a ke yi idan ta ga dama, ba haƙƙin ɗalibi ba ne, ko da makinsa ya kai.

Kafin ka biya kuɗin rajista, je ofishin kula da harkokin karatu ko ofishin shugaban tsangayar ka yi tambaya biyu: ana karɓar canji zuwa wannan kwas? Mutum nawa aka ɗauka bara? Amsar ta biyun ita ce mai amfani. Kada ka dogara da labarin "ɗan unguwarmu ya canza", domin mai yiwuwa shekara goma ke nan da yin hakan.

Abin da masu dabara ke yi shi ne su karɓi kwas ɗin da aka ba su, su yi karatun da gaske, sannan su sake yankar fom ɗin UTME. In an dace, sai su ajiye na farkon bisa ƙa'ida. In ba a dace ba, shekara ba ta tafi a banza ba. Sai dai a kula, ba a yarda mutum ya riƙe gurbi biyu a lokaci ɗaya ba, kuma idan fom ya tambayi ko kai ɗalibi ne a wata makaranta, faɗi gaskiya.

Maki nawa ake nema kafin a yarda da canjin?

Babu adadi ɗaya na ƙasa baki ɗaya. A ma'aunin 5.00, darajar farko tana farawa daga 4.50, 2:1 (matakin sama na daraja ta biyu) kuma daga 3.50. Inda ake karɓar canji zuwa likitanci, galibi masu makin da ya kai darajar farko ko ya yi kusa da ita ne ake dubawa, kuma kari-oba ko ɗaya yana iya fitar da mutum. Jinya, harhaɗa magunguna da gwaje-gwaje a da sun fi sauƙi, yanzu su ma layinsu ya yi tsawo, musamman jinya. Kuma cika mafi ƙarancin maki ba ya nufin an ɗauke ka, tunda daga sama ake zaɓowa har gurbi ya ƙare.

Sakamakon sakandare yana da tasiri tunda na riga na shiga jami'a?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa tun kafin a duba makinsu. Ana buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yawancin makarantun likitanci suna so a zama ɗaya, wato ba a haɗa WAEC ta bana da NECO ta bara. Wasu kwasa-kwasan suna karɓar zama biyu. Ilmin noma ba ya maye gurbin Bayoloji a nan, duk da cewa a wasu tsangayoyi yana yi. Wanda ke da fas a Fiziks, ko darajar farko ya fita da ita a digiri, hukumar lasisi tana iya ƙin yi masa rajista. Idan da giɓi a takardarka, fara da cike shi tukuna.

Wa ya cancanci DE, kuma shekara nawa take ragewa?

Mai sakamakon IJMB ko JUPEB (jarabawoyin share fagen shiga jami'a) ko babbar jarabawar Kambirij a Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, ko mai digiri a kimiyyar da ke da alaƙa da kwas ɗin, ko mai shaidar sana'a da jami'ar ta amince da ita. Galibi shekara ɗaya take ragewa. Likitanci da likitancin haƙori shekara 6 ne ta UTME, 5 ta DE. Digirin jinya, na gwaje-gwaje da na ɗaukar hoto shekara 5 ne, 4 ta DE. Harhaɗa magunguna shekara 5 ne a tsohon tsari, 6 a tsarin PharmD da jami'o'i ke komawa. Awon ido 6 ne. Gashin ƙashi 5 ko 6, gwargwadon tsarin da jami'ar ke bi. Bayan duk wannan akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti kafin cikakken lasisi.

Kafin ka yanki fom, buɗe kundin JAMB na intanet ka duba ko jami'ar da ka zaɓa tana karɓar irin takardarka a wannan kwas. Abin da Maiduguri ta karɓa, mai yiwuwa Jos ba ta karɓa ba.

IJMB fa? Na ji ana cewa da ita ba ruwanka da JAMB.

Rabin gaskiya ce. Ba za ka rubuta UTME ba, amma dole ka yanki fom ɗin DE na JAMB, kuma gurbin ya bi ta CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurbi da aka fara aiki da ita a 2017. Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da IJMB, ana yin karatun kusan shekara ɗaya a wurare irin makarantar share fage ta Funtua. JUPEB kuwa ta fara a 2014, cibiyarta na Legas. Darussa uku ake ɗauka, A maki 5, B maki 4, C maki 3, haka har zuwa E mai maki 1. Mai neman likitanci yana buƙatar abin da ya yi kusa da ƙololuwa, tunda guraben DE ba su kai na UTME yawa ba.

A guji cibiyoyin da ke alkawarin "maki 15 tabbas". A 2023 JAMB ta bayyana cewa a cikin sakamakon DE guda 148 da Jami'ar Bayero ta tantance, 6 kacal ne na gaskiya. Tun daga nan aka tsaurara tantancewa, ana tuntuɓar makarantar da ta ba da takarda kafin a tabbatar da gurbi. Takardar bogi ko ta wuce yau, ana iya gano ta kana aji biyar.

Na gama digiri a Maikurobayoloji, har na yi hidimar ƙasa. Zan iya komawa likitanci?

Za ka iya, ta DE, kuma daga aji biyu za ka fara tare da yaran da ka girma da shekara bakwai ko takwas. Galibi 2:1 ko sama ake nema. Digirin Anatomi, Fiziyoloji ko Bayokemistiri yana taimakawa wajen fahimtar darussan aji biyu da uku, amma a yawancin wurare ba ya sa a tsallake maka su. Najeriya ba ta da tsarin Amurka inda kowa sai ya yi digiri sannan ya shiga makarantar likitanci ta shekara huɗu.

Yi lissafi da idon basira: shekara 5 na karatu, 1 na sanin makamar aiki, kuma karatu ne da ba ya barin mutum ya riƙe aikin yini. Wanda ya yi hidimar ƙasa ba zai sake ba. Wanda bai yi ba kuma ya haura shekara 30 lokacin kammalawa, takardar yafiya ake ba shi. Masu shigowa da digiri sukan yi ƙoƙari sosai, saboda sun san abin da ya kawo su. Abin da ke kayar da su yawanci ba karatun ba ne, ɗawainiyar iyali ce.

Ni nas ce mai RN (shaidar nas mai rajista), ina aiki. Yaya zan samu digirin jinya?

Sista, hanyarki ta fi ta kowa tsabta. Da lasisin NMCN mai rai da kiredit biyar ɗin nan, za ki nemi DE zuwa aji biyu na digirin jinya, wato BNSc. Idan barin aiki ba zai yiwu ba, Jami'ar karatu daga gida ta NOUN da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello suna da tsarin da aka yi domin nas-nas masu rajista. Ki nemi izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarki kafin ki fara, domin digirin da aka yi ba da izini ba yana iya ba ki wahala ranar neman ƙarin girma.

Ga 'yan baya, kwalejojin jinya sun koma tsarin ND da HND ƙarƙashin hukumar NBTE, ana shigarsu ta JAMB. Wannan hanya ce mai kyau ga wadda ta rasa gurbin jami'a, kuma ta fi zaman gida shekara uku ana jiran BNSc.

Daga RN zuwa likitanci kuwa wata magana ce dabam. Kada ki ɗauka shaidar jinya kaɗai za ta kai ki aji biyu. Ga mafi yawan jami'o'i sai ta UTME, ko IJMB, ko bayan digiri.

Mai shaidar CHEW (ma'aikacin lafiyar al'umma) ko ta ƙaramin ma'aikacin lab (MLT) fa?

Mai shaidar MLT da rajistar MLSCN yana da ƙofar DE zuwa digirin gwaje-gwaje a jami'o'i da dama. Mai CHEW, wanda hukumar CHPRBN ke wa rajista, hanyarsa ta fi karkata zuwa CHO (matakin da ke sama da CHEW) ko digirin lafiyar al'umma. Takardar CHEW ba ta zama RN, kuma digirin lafiyar al'umma ba ya ba da lasisin jinya ko na likita. Ana yawan ruɗin yara a nan, su shiga makarantar koyon kiwon lafiya da tunanin daga can za su haye likitanci.

Ɗana yana likitanci a wata jami'a mai zaman kanta, kuɗin ya fi ƙarfina. Za a iya mayar da shi ta gwamnati?

Alhaji, yana yiwuwa a ƙa'ida, amma ku shirya wa wahala. Jami'ar da za ta karɓe shi sai tana da gurbi a ajinsa. Wadda zai bari sai ta sake shi a rubuce, ta aika cikakken sakamakonsa kai-tsaye daga ofishin magatakarda zuwa ofishin magatakarda, ba a hannunsa ba, kuma ba za ta yi haka ba muddin tana bin ku bashi. Za a tabbatar ba korarsa aka yi ba, ko don faɗuwa ko don laifi. Kwas ɗin da ya baro dole ya zama NUC da MDCN sun amince da shi. Sannan a gwada darussan da ya yi da na sabon wurin, inda aka ga giɓi a mayar da shi baya. Ba a karɓar mutum a ajin ƙarshe, domin jami'a ba ta ba da digirinta ga wanda bai yi aƙalla shekara biyu na karatu a cikinta ba.

Juyin hakan ya fi sauƙi. Lokacin yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, iyaye masu hali sun yi ta kwashe 'ya'yansu zuwa jami'o'i masu zaman kansu, saboda can ana samun gurbi. Shawarata, kafin ku ɗaga shi ku fara zama da hukumar makarantarsa kan biya kaɗan-kaɗan, ku kuma nemi tallafin jiha. Kada ya daina zuwa aji har sai takardar karɓa ta sabon wurin ta shigo hannu.

Yaƙi ne ya dawo da mu daga Sudan. Mu ma haka za mu bi?

Kusan haka, da ɗan sassauci. Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a ranar 15 ga Afrilu, 2023, an kwaso ɗalibai masu yawa, da dama 'yan Arewa ne masu karatun likitanci da harhaɗa magunguna a Khartoum. JAMB ta fitar da ƙa'idojin shigar da su jami'o'in gida: ɗalibi ya nemi jami'ar da yake so, ya kawo sakamakonsa, ya yi rantsuwa a kotu kan bayanansa, majalisar jami'ar ta amince, sannan a kammala ta hannun JAMB. Sharaɗin shekara biyu bai tashi ba, kason hukumar lasisi ma bai tashi ba. Shi ya sa wasu suka koma baya da aji ɗaya ko biyu, wasu suka bi jami'o'insu zuwa inda suka yi hijira.

Wanda ya ci gaba da karatu ta intanet ya tuna abin da ya faru da ɗaliban Yukiren. A 2022 MDCN ta ce ba za ta amince da karatun likitanci da aka yi ta intanet ba, ta shawarci ɗalibai su nemi tiransifa zuwa makarantun da ake karatu ido da ido. Kuma duk wanda ya kammala a waje, ko Masar ko Indiya ko Sudan, sai ya ci jarabawar tantancewa ta hukumar sana'arsa kafin ya samu lasisi a Najeriya.

Makarantun Nijar, Benin da Togo fa?

Kafin ka tsallaka Maraɗi ko Kwatano, tabbatar ma'aikatar ilimi ta tarayya tana tantance takardun makarantar, hukumar lasisin kuma tana karɓar ɗalibanta. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan binciken wani ɗan jaridar Daily Nigerian da ya samo digiri cikin makonni. Masu karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su, domin duk mai neman tiransifa daga ƙetare yanzu ana yi wa takardunsa duban tsanaki.

An amince da canjina, har na fara shiga aji. Shi ke nan?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci. Shiga aji ba shi ne shiga kwas ba. Sunanka dole ya zauna a wurare uku.

Na farko, kundin jami'a. Ka riƙe wasiƙar da ke nuna majalisar jami'a ta amince da canjin, ba ta shugaban sashe kaɗai ba. Shugaban sashe yana iya cewa "ka fara zuwa kawai" da kyakkyawar niyya, wa'adinsa ya ƙare, wanda ya gaje shi ya ce bai ga sunanka ba.

Na biyu, JAMB. Idan takardar gurbinka tana cewa Bayoloji, digirinka kuma yana cewa jinya, za ka gamu da matsala ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa, domin NYSC da jerin JAMB take aiki. Jami'a ce ke tura bayanin canjin, kai kuma ka bi sawu har ka buga sabuwar takarda. Ka yi wannan tun kana aji biyu, lokacin da gyaran yake da sauƙi.

Na uku, hukumar lasisi. Ana kiran wannan rajista indeksin: makaranta tana tura sunayen ɗalibanta da takardunsu, hukumar ta ba kowa lamba. Wanda ba shi da lambar ba zai zauna jarabawar hukumar ba, ba za a rantsar da shi ba, ba zai samu lasisi ba. Hukumar kuma ba ta ba da lamba fiye da kason makarantar. Idan an ɗauki ɗalibai fiye da kima, waɗanda suka shigo daga baya ne suka fi zama cikin haɗarin a bar su a layi sai wata shekara. An sha ganin ɗalibai sun gama duk darussa suna zaune a gida suna jiran lamba. Don haka tambayi jami'in da ke kula da wannan a sashenku yaushe ake tura sunayen ajinku, ka tabbatar naka yana ciki, kuma rubutun sunan da ranar haihuwar sun yi daidai da na WAEC da JAMB da NIN. "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can, ya isa ya jawo zirga-zirgar wata da watanni.

Wani ya ce yana da hanya, in ba shi kuɗi a saka sunana.

Gurbin da bai fito a CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba. Canjin da ba shi da wasiƙar majalisa, jami'a ba ta san da shi ba. Kuɗin fom na canji ko na tiransifa a asusun jami'a ake biya, a ba ka rasit. Abin da ya saɓa wa haka, ko dai damfara ce, ko kuma wani abu ne da zai fashe daga baya, lokacin da mai hanyar ya yi ritaya.

Bayan na shiga, ana iya fitar da ni?

Ana iya. A likitanci makin ci 50 ne cikin 100, kuma ba a tafiya da kari-oba zuwa gaba kamar sauran tsangayoyi. Babban shingen shi ne jarabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri da ake yi a aji uku kafin a fara zuwa asibiti. Wanda ya faɗi ɗaya ko biyu yakan samu damar sake zama bayan wasu makonni, wanda ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, wanda ya ƙare damarsa a ce ya nemi wani sashe. Masu DE su fi kowa kiyayewa, saboda sukan samu gurbi a makare, su tarar an yi nisa da fiɗar gawa a ɗakin Anatomi. Ranar da ka yi rajista, ranar za ka nemi rukunin masu bita.

Bashin karatu na NELFUND da tallafin jiha za su biyo ni sabon kwas?

NELFUND, wadda ta buɗe shafinta a Mayun 2024, tana biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban makarantun gwamnati da kuɗin kashewa na wata-wata, kuma da bayanan da makaranta ta tura take aiki, haɗe da lambar JAMB da NIN da BVN. Idan lambar ɗalibtarka ko kwas ɗinka ya sauya, sai makaranta ta sabunta kafin biyan ya daidaita. Wanda ya koma jami'a mai zaman kanta ya fita daga tsarin. Tallafin jiha kuma, musamman wanda ke da yarjejeniyar dawowa a yi wa jiha aiki, a sanar da hukumar tallafin a rubuce kafin a canza.

Yaushe ake nema, kuma me zan tanada?

Fom ɗin canjin kwas yakan fito bayan an saki sakamakon ƙarshen shekara, kafin rajistar sabuwar shekara, kuma kwanakinsa ba su da yawa. Na DE yana fitowa a farkon shekara, kusa da na UTME, kuma sai da NIN. Tiransifa ta fi cin lokaci saboda jiran sakamako daga tsohuwar makaranta, don haka a fara neman sa tun wata uku ko huɗu kafin lokaci. Ka haɗa sakamakon sakandare da katin duba shi, takardar gurbi ta JAMB, sakamakon jami'a, takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, da lasisi ga mai shi. Duk abin da ka miƙa ka riƙe kwafinsa, kuma ka roƙi wanda ya karɓa ya buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafin.